Joshua da Fury: wa zai yi kisa in an sa zare?

Ranar 13 ga Janairun 2025 Tyson Fury, ɗan boksin na Ingila mai dambe a babban aji, ya fito cikin wani ɗan gajeren bidiyo ya ce ya bar dambe. Mako uku ke nan da 'yan kwanaki bayan Oleksandr Usyk na Yukren ya sake doke shi a Riyad. Waɗanda suka daɗe suna bibiyar mutumin ba su tayar da hankali ba, don ba yau ya fara ba. Ko a 2022, da ya buge Dillian Whyte a filin Wembley, cewa ya yi ya gama, amma shekarar ba ta fita ba sai da ya koma fage ya kara da Derek Chisora. Shi ya sa gardamar da aka kusa shekara goma ana tafkawa take nan daram: in Fury da Anthony Joshua suka sa zare, wa zai ɗaga hannu?

A gidajen kallo da majalisun hira a Najeriya amsar ba ta da wuya, Joshua ne. Dalilin kuwa a fili yake. An haifi Anthony Oluwafemi Olaseni Joshua a Watford ta Ingila a 1989, amma tushen gidansu Shagamu ne a jihar Ogun, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya, kuma taswirar Afirka ce zane a kafaɗarsa ta dama, an fito da Najeriya a cikinta. Ni ma in aka kaɗa ƙararrawa bayansa zan bi, da zuciya ɗaya. Sai dai so daban, hasashe daban. Na sake bin damben mutanen nan biyu ɗaya bayan ɗaya, kuma abin da na gani ya sa na karkata ga Fury, ba da tazara mai yawa ba, kamar kashi shida cikin goma. Hujjata mafi ƙarfi ba ta tsawo ba ce ko ta nauyi. Tana wajen abin da kowannensu yake yi a daƙiƙun da ke biyo bayan naushi mai gigitarwa, ko shi ya sha ko shi ya bayar.

Kafin nan, yana da kyau a tuna cewa sau biyu wannan dambe yana zuwa bakin ƙofa yana komawa. A 2021 Joshua na riƙe da kambun duniya na hukumomin boksin na WBA da IBF da WBO, Fury na riƙe da na WBC, har an tsayar da ranar 14 ga Agusta a Saudiyya. Sai mai sasanci a Amurka ya yanke hukunci a watan Mayu cewa dole Fury ya ba Deontay Wilder karawa ta uku kamar yadda yarjejeniyarsu ta tanada. Joshua ya juya ya fuskanci Usyk a watan Satumba, ya rasa kambunsa gaba ɗaya. A 2022 Fury ya yi masa tayin kashi 40 cikin ɗari na kuɗin dambe, aka yi ta kai-komo tsakanin masu shirya musu dambe, Eddie Hearn na Joshua da Frank Warren na Fury, maganar ta watse. Yau ba wanda ke da kambu a cikinsu. Abin da ya rage shi ne suna, da kuɗin Saudiyya da Turki Alalshikh, jami'in gwamnatin ƙasar, ke zubawa a harkar, da kuma tambayar da Ingila ta kasa samun amsarta.

Maganar jiki ba ta buƙatar dogon bayani. Fury, wanda aka haifa a 1988, tsawonsa santimita 206 ne a rubuce, in ya buɗe hannuwa daga yatsa zuwa yatsa 216. Joshua 198 ne, hannuwansa 208. Joshua ya hau sikeli da kilo 114 a karawarsa da Francis Ngannou da kuma Daniel Dubois. Fury yana yawo tsakanin 119 da 127. Zuwa farkon 2025, Fury ya yi nasara 34, ya faɗi 2, canjaras 1, kuma 24 daga nasarorinsa bugun kwaf ɗaya ne. Joshua kuwa a lokacin ya yi nasara 28, ya faɗi 4, bugun kwaf ɗaya 25. Lissafin ya nuna abin da ido ya riga ya gani: hannun Joshua ya fi nauyi, Fury ya fi wuyar bugewa.

Inda gardama ke yin zafi shi ne wajen mutanen da dukansu biyu suka kara da su, kuma su shida ne. Magoya bayan Joshua kan fara da Ngannou, ɗan Kamarun nan da ya yi sarauta a UFC, gasar faɗan da ke haɗa naushi da shuri da kokawa. A ranar 28 ga Oktoban 2023, a dambensa na farko na boksin a duniya, Ngannou ya kai Fury ƙasa a turmi na uku da naushin hagu, aka yi turmi goma, alƙalai biyu suka ba Fury, ɗaya ya ba Ngannou. Mutane da yawa sun tashi daga kallon nan suna ganin an yi wa ɗan Afirka fashi. Wata biyar bai cika ba, ranar 8 ga Maris ɗin 2024, Joshua ya kayar da Ngannou sau uku cikin turmi biyu, na ƙarshen ya bar shi a sume. Haka Otto Wallin ɗan Suwidin: a 2019 ya tsaga wa Fury gira har sai da aka yi masa ɗinki 47, ya kai shi turmi goma sha biyu, amma a Disamban 2023 Joshua ya lallasa shi har mutanensa suka hana shi fitowa bayan turmi na biyar. Kevin Johnson ma ya kai ƙarshe da Fury a 2012, Joshua ya gama da shi a turmi na biyu a 2015.

In aka tsaya nan, magana ta ƙare. Amma a duba su wane ne waɗannan ukun. Ba ɗaya daga cikinsu da ya taɓa riƙe kambun boksin na duniya. Abin da suka nuna shi ne Joshua gwani ne wajen share wanda bai kai shi ba, Fury kuwa yana da halin raina abokin karo, ya zo da teɓa, ya yi wasa da aikinsa. Fury ɗin da ya fito wa Ngannou kilo 126 ne, ƙafafunsa a daskare, kuma tun kafin ya shiga fage an riga an sanar da yarjejeniyar karawarsa da Usyk, hankalinsa na can. Ba zai raina Joshua haka ba. Tun 2010 suka taɓa gwada hannu a wajen atisaye a Finchley ta Landan, lokacin Joshua bai zama ƙwararre ba, kuma Fury da bakinsa ya yaba masa a wancan lokacin.

A sauran ukun hoton ya juya. Whyte ya girgiza Joshua a turmi na biyu a 2015 kafin Joshua ya buge shi a na bakwai. Fury bai bari Whyte ya taɓa shi da wani abin kirki ba a 2022, ya ɗebo masa naushi ɗaya daga ƙasa zuwa haɓa a turmi na shida a gaban mutum 94,000. Gaskiya ne Whyte na 2022 ya riga ya sha wuya a hannun Alexander Povetkin, don haka ba zan ɗora nauyi da yawa a kansa ba. Wladimir Klitschko shi ne ma'auni na gaske. Ranar 28 ga Nuwamban 2015 Fury ya je Düsseldorf ta Jamus, inda Klitschko ke ji kamar a gidansa yake, bayan mutumin ya fi shekara goma ba a doke shi ba. Turmi goma sha biyu Klitschko yana neman inda zai sa hannun damansa bai samu ba. Masu ƙidayar naushi sun lissafa masa 52 kacal da suka sauka a dukan damben, wato bai kai biyar a turmi ba. Kallon bai yi daɗi ba, amma darasi ne. Wata goma sha bakwai bayan haka, ranar 29 ga Afrilun 2017, Klitschko yana da shekara 41, bai yi dambe ko ɗaya a tsakani ba, ya kai Joshua ƙasa a turmi na shida a Wembley, saura ƙiris ya gama da shi. Joshua ya farfaɗo ya buge shi a na goma sha ɗaya, kuma wannan ne daren da ya fi kowane girma a tarihinsa. Sai dai mutumin da Fury ya hana motsi shi ne ya kusa raba Joshua da kambunsa.

Usyk ya doke su sau biyu-biyu, duk da maki. Joshua ya faɗi a Landan a Satumban 2021 da kuma Jidda a Agustan 2022. Fury ya faɗi a Riyad a Mayu da Disamban 2024. A karon farko na Fury alƙalai sun rabu, biyu sun ba Usyk 115-112 da 114-113, ɗaya ya ba Fury 114-113, kuma a tsakiyar damben, musamman turmi na shida, Fury ne ke jan ragama, har ya girgiza Usyk da naushin haɓa. Joshua bai taɓa riƙe Usyk na tsawon turmi uku ko huɗu a jere haka ba. Abin da ya fi kusa shi ne turmi na tara a Jidda, inda ya yi ta dukan cikin Usyk har aka ga alamar zai karye. Turmi na goma Usyk ya dawo ya yi masa ruwan naushi, Joshua kuwa numfashinsa ya riga ya ƙare. A riƙe wannan turmi na tara da na goma, za mu dawo kansu.

Mu da muka taso da kallon damben gargajiya muna da wani ma'auni a kai da muke ɗorawa a kan boksin ba tare da mun lura ba. A namu damben turmi uku ne, kuma da zarar hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, makaɗa su ɗauki kiɗa, magana ta ƙare. Saboda haka idan muka zo auna 'yan boksin, tambayarmu ta farko ita ce wa ya fi ƙarfin hannu, wa zai fara kayar da wani. A boksin na kambu turmi goma sha biyu ne, kowanne minti uku, da hutun minti ɗaya a tsakani. Wanda ya faɗi rafali zai ƙirga masa goma, in ya miƙe kafin nan kuma idonsa a buɗe, dambe ya ci gaba. A takardar alƙalai faɗuwa ɗaya maki ɗaya take ƙara ragewa, turmin da za a rubuta 10-9 ya koma 10-8. Mutum zai iya shan ƙasa sau biyu ya tashi ya ci damben. Da a ce da dokarmu za a yi, da na ba Joshua ba tare da dogon tunani ba. Da dokarsu za a yi.

To a ƙirga. Sau takwas aka ƙirga wa Fury a rayuwarsa ta ƙwararren ɗan dambe: Neven Pajkic a 2011, Steve Cunningham a 2013, Wilder sau biyu a 2018, Wilder sau biyu a turmi na huɗu a 2021, Ngannou a 2023, sai Usyk a turmi na tara a 2024 lokacin da igiya ce kawai ta tare shi. Dambe shida ke nan. Ya ci huɗu, ya yi canjaras ɗaya, ya faɗi ɗaya da maki. Ba a taɓa tsayar da dambe a kansa ba. Wanda bai ga turmi na goma sha biyu na ranar 1 ga Disamban 2018 a Los Angeles ba ya nema ya kalla, gani ya kori ji. Wilder, wanda ake ganin ba mai hannun dama irin nasa a zamaninsa, ya sa masa dama ya bi da hagu, Fury ya faɗi rigingine bai motsa ba, Wilder har ya fara rawa. Rafali Jack Reiss yana ƙirgawa mutumin ya buɗe ido ya miƙe, kuma kafin turmin ya ƙare shi ne ke korar Wilder.

Joshua ya faɗi sau tara a dambe uku: sau ɗaya a hannun Klitschko, sau huɗu a hannun Andy Ruiz a New York ranar 1 ga Yunin 2019, sau huɗu a hannun Dubois a Wembley ranar 21 ga Satumban 2024. Ya ci ɗaya, biyu an buge shi. Ba rashin zuciya ba ne, wanda ya faɗi ya tashi sau uku yana neman ci gaba ba za a kira shi rago ba. Matsalar tana jikinsa. Idan naushi ya shige shi, ƙafafunsa kan ɗauki lokaci mai tsawo kafin su dawo. Ruiz ya same shi a gefen kai a turmi na uku, har na bakwai bai dawo daidai ba. Dubois ya same shi a ƙarshen turmi na farko, haɓarsa a sama, hannuwansa a ƙasa, kuma duk abin da ya biyo baya a kan wannan naushi ɗaya aka gina shi. Fury daƙiƙu yake buƙata ya wartsake, Joshua turmi yake buƙata.

Akwai wani abu kuma da ya fi wannan damuna, don sau uku ya maimaitu a sura ɗaya. Lokacin da Joshua ya fi shiga haɗari shi ne daidai lokacin da ya ji wa abokin karonsa ciwo. Da Klitschko, shi ya fara kayarwa a farkon turmi na biyar, ya ɗaga hannuwa yana murna, ya zuba duk ƙarfinsa don ya ƙarasa, ƙarfin ya ƙare, kafin a kaɗa ƙararrawa shi ne ke tangaɗi, turmi na gaba ya sha ƙasa. Da Ruiz, shi ya fara kayarwa a turmi na uku, ya ruga ya ƙarasa, ya shiga tsakiyar musayar naushi da mutumin da ya fi shi saurin hannu. Da Dubois, a turmi na biyar ya samu damar da yake nema, ya sauke masa dama mai kyau har Dubois ya ja baya, ya bi shi yana ɗebo naushi daga ƙasa fuskarsa a buɗe, sai gajeriyar dama ta tare shi, bai tashi ba. Ga kuma turmi na tara da na goma na Jidda, inda bai faɗi ba amma salon ɗaya ne: ya kashe man tankinsa a turmi ɗaya, ya biya bashi a na gaba.

Yanzu a haɗa biyun. Mutumin da ya fi kowa rauni a lokacin ƙarasawa zai fuskanci mutumin da ya fi kowa wuyar ƙarasawa. Ina ganin akwai yiwuwa babba Joshua ya kai Fury ƙasa. Amma abin da tarihi ya nuna shi ne Fury zai tashi, ya ƙanƙame shi, ya kwanta masa a wuya da nauyinsa, ya ci daƙiƙu har ƙararrawa, ya fito turmi na gaba idonsa garau, Joshua kuwa yana haki. Daga nan damben ya zama na Fury.

Dole in yi wa Joshua adalci, don hanyarsa ta cin wannan dambe a buɗe take, ba mafarki ba ce. Yawancin faɗuwar Fury da hannun dama aka yi masa su, daga Pajkic da Cunningham har Wilder, kuma Cunningham ma ba asalin ɗan babban aji ba ne, daga ajin da ke ƙasa ya hauro. Miƙaƙƙiyar dama ita ce makamin Joshua na farko, ita ta sumar da Ngannou, ita ta kwantar da Robert Helenius a turmi na bakwai a 2023. Sannan Joshua ba Wilder ba ne. Wilder naushi ɗaya yake da shi, in ya kayar da mutum sai ya hau wurgi da hannuwa ba tsari. Joshua ɗan makaranta ne, ya ci zinare a gasar Olamfik ta Landan a 2012 duk da sai yana shekara 18 ya fara dambe, yana iya jera naushi uku huɗu kowanne a wurinsa, kamar yadda ya ƙarasa Povetkin a 2018 da Kubrat Pulev a 2020. In ya girgiza Fury saura minti biyu a turmi, ya natsu, ya raba duka tsakanin ciki da kai maimakon ya ruga, zai iya yin abin da Wilder ya kasa.

Sai batun dabarar da Fury ya koma kanta tun da ya ɗauki SugarHill Steward na gidan horon Kronk a ƙarshen 2019. Maimakon zille-zillen da ya yi wa Klitschko, sai ya koma tafiya gaba, ya taka mutum, ya danne shi da nauyi. Ta yi aiki a kan Wilder a Fabrairun 2020 saboda Fury ya zo da kilo 124, Wilder 105, ga siraran ƙafafu, har mutanen Wilder suka jefa tawul suka sallama a turmi na bakwai. Da ya gwada ta a kan Ngannou mai kilo 123, wanda kokawa ce sana'arsa, ture shi aka yi kamar yaro. Joshua bai kai Ngannou iya riƙo ba, amma ƙaƙƙarfa ne, ba za a murƙushe shi cikin sauƙi a turmin farko ba. Kuma wanda ya horar da Joshua daga damben Wallin a 2023 zuwa na Dubois a 2024 shi ne Ben Davison, mutumin da ya ɗauko Fury a lokacin da ya kusa kilo 180 bayan shekarun shaye-shaye da ciwon damuwa, ya dawo da shi fage a 2018, ya tsaya a kusurwarsa daren farko na Wilder. Ya san inda Fury ke ajiye hannu in ya gaji, ya san lokacin da yake yaudara da lokacin da da gaske yake.

Abu na ƙarshe a ɓangaren Joshua shi ne shekaru, kuma wannan ne ya hana ni wuce kashi shida. Tazarar haihuwarsu wata goma sha huɗu ce kawai, amma jikin Fury ya fi shan wahala. Dambe uku da Wilder, turmi 24 da Usyk, hawa da saukar nauyi na shekaru, da tabon gira da ke iya buɗewa, har ya sa aka ɗage karawar farko da Usyk daga Fabrairu zuwa Mayun 2024 bayan ya tsage a wajen atisaye. Ƙafafun da suka yi rawa a Düsseldorf babu su yanzu. A karawa ta biyu da Usyk ya fara da kyau, amma daga tsakiya ya yi sanyi, alƙalai uku duka suka rubuta 116-112. Haɓa ma ba ta dawwama. Kowane ɗan dambe da aka sani da tashi yana da ranar da ba ya tashi, kuma ba ta sallama kafin ta zo.

Duk da haka, wanda ya fi kusa da waccan rana a idona Joshua ne. Fury ya faɗi hannun gwanin da ya fi kowa a wannan zamani, da maki, yana tsaye da ƙafafunsa har ƙarshe. Joshua a kwance aka bar shi. Kuma tun daren Ruiz akwai wani ɗari-ɗari da ya shige shi, yana zuwa yana tafiya. A karawa ta biyu da Ruiz a Diriyya ya rage nauyi zuwa kilo 107, ya yi ta zunguri da hagu yana zagayawa, ya ci da wayo, wannan ya yi kyau. Amma da Jermaine Franklin a 2023 an ga mutum mai shakkar sakin hannun damansa turmi goma sha biyu cur. Ya sauya mai horarwa sau uku cikin kimanin shekara biyu, daga Rob McCracken zuwa Robert Garcia, zuwa Derrick James, zuwa Davison, alamar mai neman kansa. Fury kuwa da irin wannan shakka yake kiwo. Kafaɗa zai motsa kamar zai kai naushi ya fasa, ya taka ƙafa, ya juya ya tsaya a bahago, ya koma, yana surutu. Klitschko, wanda shi ma sai ya daidaita ƙafa ya auna kafin ya saki dama, haka aka daskarar da shi. Joshua ɗan wannan tsari ne, yana son ya ga hanya sarai kafin ya buga, kuma Fury ba ya barin hanya ta tsaya wuri ɗaya.

Ga yadda nake ganin daren zai gudana. Turmi huɗu ko biyar na farko na Joshua ne ya ci ko ya rasa. A nan ƙarfinsa ke cike, a nan kuma Fury ya saba yin sakaci, domin in aka cire na Wilder na farko da na Usyk, duk faɗuwarsa tsakanin turmi na biyu da na huɗu ta auku. In Joshua ya zo da zuciyar da ya zo wa Ngannou da ita, ya kama tsakiyar fage, ya zunguri ƙirji da ciki don ya saukar da hannun Fury, damarsa za ta samu hanya. In aka shiga turmi na shida Fury na tsaye, to zungurin hagunsa mai tsawo zai fara tara maki, ƙanƙamewa za ta fara cin kafaɗun Joshua, kuma naushin nan na ƙasa zuwa haɓa da ya kwantar da Whyte zai fara neman Joshua a duk lokacin da ya sunkuya yana hutawa. Rafali zai yi tasiri sosai a nan. Wanda ke raba su da sauri ya taimaki Joshua, wanda ke barin a yi aiki cikin riƙo ya taimaki Fury.

Hasashena Fury da maki, kamar turmi bakwai ko takwas cikin goma sha biyu, mai yiwuwa bayan ya sha ƙasa sau ɗaya a farkon dare. In an tsayar da damben kafin ƙarshe, kafin turmi na shida hannun Joshua za a ɗaga, bayan na takwas na Fury.

Abu ɗaya zai sa in sake lissafi, shi ne sikeli ranar awo. Fury na kilo 119 da ya fito wa Usyk a watan Mayu yana da ƙafar da zai kauce wa damar Joshua na rabin sa'a. A watan Disamba sikeli ya nuna 127, ko da yake da tufafinsa har da rigar fata ya hau. In ya tuɓe riga ya hau aka ga adadi irin wannan, to ya zo ne da niyyar tsayawa a gaban Joshua ya danne shi, kuma a ranar zan mayar da kashi shidan nan biyar da biyar.